Jan Murfi da Koren Murfi

Shafi na 23

Salam masu karatu. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn da ta ce in yau ma ban saki shafi ba za ta fice daga group. Ki yi zamanki, ga shi. Masu zagin Sa'adiya a comment kuma ku karanta wannan tukuna.

*

Tun daga matattakala Sa'adiya ta ji warin.

Da farko ta ɗora laifin a kan ɗaliban gidan da ke jikin nasu, don ba sa fitar da shara sai ta kumbura, ga zafin da aka tashi da shi a Birmingham makon nan, ko labulen taga ba ya motsi. Sai da ta tura ƙofar kicin ta ji ƙafarta cikin ruwa.

Ruwa ne jaja-jaja, ya biyo ta ƙarƙashin firiza ya kwanta har bakin ƙofar baya.

Ta ɗaga murfin firizar. Ba ta san lokacin da ta sake shi ta toshe hanci ba.

Komai ya narke. Kajin da ta wanke ta raba leda-leda sun sauya kala, alale ya saki, jar miya ta kumbura har ta ɗage murafan robobinta. Ƙanƙarar zoɓon da ta zuba wa yara a 'yan kofuna ta koma ruwa, ta bi ta kan sambusa da ƙullin ƙosai ta rine su. Ta leƙa bayan firizar. Filogin na kwance a ƙasa, an zare shi daga soket an naɗe wayar tsaf kamar igiyar shanya. Kuma in ka ji warin ka san ba jiya aka zare shi ba.

Ta jingina da bango. Kuka take son yi, haushi ya hana ta.

Abincin hutun yara ne gaba ɗaya ke iyo a gabanta.

Ƙarshen Satumba za ta miƙa thesis ɗinta, kundin binciken digirinta. Supervisor ta riga ta gaya mata babu sauran ƙarin lokaci, in kuwa ba ta miƙa ba scholarship ya ƙare, visa ta bi bayansa. Mijinta Nuru yana Najeriya wajen tattaro bayanan nasa binciken, sai an koma makaranta zai dawo. Ga hutun summer, ga Marwa 'yar shekara sha ɗaya da Inaya 'yar shekara uku, waɗanda bakinsu ba ya hutawa tun daga safe har rana ta faɗi, ranar da a ƙasar nan ba ta son faɗuwa.

Shi ya sa kafin a rufe makaranta ta kwashe Asabar da Lahadi a tsaye a kicin ɗin nan. Ta hau bas har unguwar Small Heath ta ciko jakunkuna da nama da kaji da tattasai, ta dawo ta dafa, ta soya, ta raba. Ta fitar da duk tarkacen kabad ta sake jeri. Kuka da daddawa da yaji da garin tuwo ta mayar da su can sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. A ƙasa ta ajiye kwando ɗaya na dabino da cincin da gurguru, duk mai jin kwaɗayi ya ɗauka ba sai ya kira sunanta ba. Ƙasan firij kankana yankakkiya, da yogot, da fura a dame. Sannan ta sayo robobi kala biyu: mai koren murfi na yara ne, babu yaji, mai jan murfi na manya. Ta koya wa Marwa yadda za ta ɗumama a microwave, ta sa ta yi a gabanta har ta iya.

Duk don kada Umma ta wahala ta yi hakan. Mahaifiyarsu ta zo daga Kano tun ana sanyi, ta sauka a Manchester wajen Yaya Ramlat, kuma Sa'adiya ce ta yi ta roƙo a kawo mata ita hutun nan. Ba girki za ta yi ba, ba wanki ba. Babba dai a gida, idonta a kan yara, ita kuma ta samu ta wuce laburare.

To amma tun ranar da Umma ta sauka gidan Sa'adiya a Selly Oak kicin ɗin bai sake kwana yadda ta bar shi ba.

Yau ta tarar da sukari a firij, gobe ɗanyen nama a kabad ɗin kofuna. Kwandon yara ya koma saman firij, yaji ya sauko ƙasa. Rannan Umma ta wanke murafan duka ta mayar da su yadda ta ga dama, Marwa ta ɗumama wa Inaya roba mai koren murfi, ashe farfesun kayan ciki ne da ya sha attaruhu. Yarinyar ta yi ta ihu tana goge harshe da riga, sai a waya Sa'adiya ta ji, ta baro laburare a guje.

Duk lokacin da ta yi magana Umma sai ta ce ba ita ba ce. Ita kuwa Sa'adiya ta san uwarta. Matar da ta rayu tana cewa abincin da ya kwana ba abinci ba ne, wadda ko da azumi sai ta tuƙa tuwo sabo. A ganinta Umma ba ta son tsarin ne, ba za ta faɗa da baki ba, sai ta rushe shi da hannu.

Ta yi ta haɗiyewa. Yau kam ya ƙi haɗiyuwa.

Umma na falo a kan kujerar kusa da taga, carbi a hannu, Inaya na kwance a cinyarta tana kallon katun. Marwa na ƙasa da littafin zane. Sa'adiya ta gaishe ta a tsaitsaye, ko amsar ba ta jira ba.

"Umma, ke kika zare wayar firiza?"

"Wace waya?"

"Ta firiza. Ta kicin."

Umma ta dube ta da mamaki na gaske, ta ce me zai kai ta wajen wayar wuta, ita da ko fitilar ɗakinta sai Marwa ta kunna mata.

Marwa ta ɗago kai. Da Hausarta mai gauraye da Turancin Birmingham ta ce ta ga Kaka ta cire shekaranjiya, ta ce za a kawo wuta da ƙarfi ta ƙona kaya. Ta ce ta gaya wa Kaka nan ba a ɗauke wuta, Kaka ta ce ta yi mata shiru.

"Me ya hana ki gaya min?"

"You were tired, Mummy. Kin ce kada wanda ya yi miki magana."

Umma ta ajiye carbin.

"Yanzu jikata za ki sa ta ƙaryata ni a gabana?"

"Ba ƙaryata ki ta yi ba, Umma. Abin da ta gani ta faɗa."

"Ban taɓa ba."

"To wa ya taɓa? Inaya?"

Ta san muryarta ta hau, ta kuma san ba a yi mata tarbiyyar ɗaga wa Umma murya ba, amma bakin ya riga ya buɗe. Ta ce kwana biyu ta yi a tsaye har ƙafarta ta kumbura. Ta ce ba don jin daɗi take ciyar da 'ya'yanta abincin firiza ba, ba ta da mai aiki, ba ta da ƙanwar miji, ba ta da maƙwabciyar da za ta miƙo mata kwano ta katanga. Ta ce nan ba Gwammaja ba ce. Ta ce abu ɗaya ta roƙa, a bar mata kicin yadda ta jera shi, shi ma ya gagara.

"In zaman nan ne ba kya so, Umma, ki faɗa min. Sai in san yadda zan yi da yarana. Ya fi min wannan."



Umma ta daɗe tana kallonta. Ba fushi a fuskarta, wani abu ne daban, kamar mai neman inda ta san mutum.

"Ki yi haƙuri, Zainabu," ta ce a hankali. "In na ɓata miki, ki yi haƙuri."

Zainabu ƙanwar Umma ce, ta rasu tun Sa'adiya na firamare. Amma a lokacin zuciya ta rufe mata ido, ta ɗauka tuntuɓen harshe ne irin na iyaye, masu kiran sunan 'ya'ya duka kafin su faɗo kan wanda suke nufi. Ta juya ta koma kicin, ta jawo baƙar leda ta fara juye wahalarta a ciki.

Tana cikin haka aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Ta manta sam yau Yaya Ramlat za ta zo. Tun farkon mako ta ce za ta biyo jirgin ƙasa na safe daga Manchester ta kawo ragowar kayan Umma, ta juya da yamma saboda tana da aiki gobe. A gidan kula da tsofaffi take aiki, can kusa da Levenshulme inda suke zaune, kuma hutunta bai cika haɗuwa da na mutane ba.

Marwa ce ta buɗe mata. Sa'adiya na jin su a falo, gaisuwa, dariyar Inaya, Ramlat na tambayar Umma ko tana shan maganinta. Can ta turo ƙofar kicin, jakarta a kafaɗa, ta tsaya tana kallon ruwan ƙasa da ledojin da aka ƙulle.

Sa'adiya ba ta bari ta zauna ba. Ta leƙa ta ce wa Marwa ta hau sama ta yi wanka ta gyara ɗakinsu, ta rufo ƙofar kicin don kada Umma ta ji, sannan ta juye wa yayarta komai. Sukari, nama, murafai, farfesun Inaya, yau kuma firiza. Tana magana tana nuna kabad, tana buɗe firij tana rufewa. Ta ce wallahi da ta san haka ne da ta nemi holiday club, inda ake renon yara lokacin hutu, ta kai su ko da za ta yini da yunwa. Ta ce ita ba ta gane me ta yi wa Umma ba.

Ramlat ta saurare ta har ta gama. Ba ta ce kai ba, ba ta ce ash ba, ba ta ma yi mamaki ba.

Sai ta taka ta cikin ruwan ta nufi murhun gas. Ta kama makunnin farko ta ja, ya fito a hannunta. Ta ja na biyu. Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta cire, ta buɗe jakarta ta zuba, ta ja zif. Hannunta ko gargada babu, kamar mai tsinke zogale.

Sa'adiya ta tsaya da mofa a hannu.

"Yaya, me kike yi?"

Ramlat ta dubi jakar, ta dubi murhun, kamar sai yanzu ta ga abin da ta aikata.

"Babu komai. Saboda Inaya."

"Inaya ba ta kai nan ba. Kuma shekara nawa kina zuwa gidan nan ba ki taɓa cire min makunnin gas ba."

Ramlat ta kawar da kai.

"Yaya, kalle ni."

Ramlat ta jawo kujerar roba ta zauna. Ta cire gilashinta ta goge da bakin mayafi, ta mayar, ta sake cirewa.

"Umma ta taɓa kunna gas tunda ta zo?"

"Na hana ta girki. Me ya faru?"

"Alhamdulillahi."

"Me ya faru, na ce."

"Umma ba ta da lafiya, Sa'a."

Sa'adiya ta ce ta san da hawan jini, ita ke miƙa mata maganin kowace safiya.

"Ba shi ba. Dementia ce. Ciwon mantuwa."

Mofar ta zame ta faɗi cikin ruwan.

Sa'adiya ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. Ta ce Umma ko saba'in ba ta cika ba. Ta ce jiya-jiyan nan ta ba Marwa labarin bikinta da Baba, har da kalar atamfar da ƙawayenta suka saka. Mai gigin tsufa ne zai tuna wannan?

Ramlat ta ce haka ciwon yake, na da yana nan daram, na ɗazu ne ke zubewa. Ta ce aikinta ke nan, kullum da irinsu take yini, tun makon farko da Umma ta sauka ta fara gani ta yi ta ƙaryata idonta. Sai ranar da Umma ta ɗora mai a wuta za ta soya wa Abban Su'ad, mijin Ramlat ɗin, doya, ta fito falo ta zauna ta manta. Labulen kicin ya kama. Ƙarar na'urar hayaƙi ce ta jawo maƙwabcinsu, shi ya kashe wutar. Umma kuwa na zaune tana tambayar waye ke ƙona shara. Bayan nan ta kai ta wajen GP, likitan unguwarsu, aka tura su gwaji, aka yi hoton kai, aka faɗa musu abin da ta riga ta sani.

"Yaushe?"

Ramlat ta sunkuyar da kai.

"Yaushe aka faɗa miki, Yaya?"

"Kafin azumi."

Sa'adiya ta dafa bakin sinki. Kafin azumi. Sun yi waya da sallah, sun ga juna a bidiyo, Ramlat ta turo mata dambun nama ta hannun wata ɗaliba. Ramlat ɗin da kanta ta rako Umma har tashar jirgin ƙasa ta New Street, ta miƙa mata akwati, ta ce Allah ya ba da sa'ar karatu.

"Kin sani," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Kin sani kika kawo min ita, kika juya kika hau jirgi."

"Ke kika roƙa."

"Na roƙi uwata ta zauna min da yara. Ban san wadda za a zauna da ita ba ce."

"Sa'a..."

"Tun safe nake fita, Yaya. Sai yamma liƙis. Ina barin 'yar shekara uku a hannunta. Ina can ina gyara chapter hankalina kwance, ashe Marwa ce babba a gidan nan. Da gidan ya kama da wuta fa? Me za ki ce wa Nuru? Me za ki ce min?"

Ramlat ta ce Umma ce ta sa ta yi alkawari. Ranar da suka dawo daga asibiti, a cikin bas, hankalinta garau, ta riƙe mata hannu ta ce kada a gaya wa Sa'a sai ta gama karatunta, yarinyar nan ta sha wahala a kansa, kada a ɗora mata wani. Ta ce ta yi tunanin in Umma ta sauya wuri, ta ga jikoki, abin zai lafa. Ta ce ta san Sa'adiya ta cika firiza, babu abin da zai kai Umma wajen wuta.

"Alkawari," Sa'adiya ta maimaita. "Kin ɗauki alkawari da wadda ba za ta tuna ta sa ki ba, kika saka ran 'ya'yana a ciki."

Nan Ramlat ta ɗago. Idonta ya kaɗa.

"To na gaji. Kin ji gaskiyar? Na gaji."

Ta ce wata da watanni ba ta yi barcin kirki ba. Ta yini tana wanke iyayen wasu, ta dawo ta tarar da tata uwar ta zuba omo a tukunyar shinkafa. Abban Su'ad tun ranar gobarar ya ce ba za a sake barin Umma ita kaɗai a flat ba, ita kuma in ta ajiye aiki me za su ci? Kano kuma wajen wa za ta mayar da ita, gidan da tun rasuwar Baba babu kowa sai mai gadi?

"Kuma na gwada gaya miki. Sau nawa ina kira ki ce kina lab, za ki kira, ba ki kira ba? Ranar da kika ɗauka na ce miki Umma fa ba yadda kika san ta ba. Me kika ce min?"

Sa'adiya ta juya mata baya, Ramlat ta ci gaba.

"Cewa kika yi tsufa ne, kowa zai je. Sannan kika tambaye ni yaushe zan kawo miki ita, hutu ya kusa. Ko yaya nake ba ki tambaya ba."

"Sai ki faɗa min a fili. Kalma ɗaya ce."

"Da na faɗa za ki karɓe ta?"

Sa'adiya na son ta ce eh, amma ta san da za ta ce a bari sai Oktoba, ta san Ramlat ma ta sani. Wannan ya ƙara mata haushi, ta rasa wa za ta ba shi, sai ta ɗauki roba ɗaya daga cikin sinki ta maka da bango. Murfin ya yi tsalle ya faɗa bayan firij.



Abin da ya riƙa dawo wa Sa'adiya shi ne fuskar Umma ɗazu. Ban taɓa ba. Ashe ba musu take ba, ba taurin kai ba ne, iyakar gaskiyarta take faɗa. Sukarin firij, naman kabad, wayar da aka naɗe tsaf don kada wuta ta ƙona wa 'yarta kaya. Duk a ganin Umma taimako take yi. Ita kuma ta tsaya a kanta a gaban jikoki ta ce mata in ba ta son zama ta faɗa.

Ta zauna a kan murfin firizar.

"Ɗazu ta kira ni Zainabu."

Ramlat ta gyaɗa kai.

"Ni wani lokacin Inna take ce min, wai ni ce mahaifiyarta. Ta ce Inna, yaushe Malam zai zo ya ɗauke ni, wato Baba."

"Me kike ce mata?"

"In ce yana hanya."

Sai yanzu kukan ya zo wa Sa'adiya. Ba mai sauti ba, ta dai toshe baki da bayan hannu, kafaɗunta na rawa. Ramlat ba ta taso ta rarrashe ta ba, ita ma nata take sharewa da mayafi.

Da ta ɗan lafa ta ce yanzu yaya za su yi. Ranar Litinin tana da meeting da supervisor, ba ta da wanda za ta bar wa yara, yanzu kuma ba ta da wanda za ta bar wa Umma. Babu abinci a gidan sai abin da ke firij. Ramlat ta ce za ta kira wajen aiki ta ce ba za ta samu zuwa gobe ba, su kwana su yi shawara, a kira Nuru, a kira kawunsu na Kano. Sa'adiya ta ce kada ta ɗauka magana ta wuce, ba ta yafe ba tukuna. Ramlat ta ce ta sani.

Ramlat ɗin ta miƙe ta ɗauki mofar daga ƙasa ta fara jan ruwan. Ta yi ja biyu ta tsaya.

"Akwai abin da ban gaya miki ba."

"Saura me kuma?"

"Ƙofarki ta gaba. Da makulli kike rufe ta?"

"Da dare. Me ya sa?"

"Da rana fa?"

"Ke kika shigo ƙarshe, Yaya."

Suka kalli juna.

Sai a lokacin Sa'adiya ta lura katun ɗin na ta yi, amma babu muryar Inaya a kai. Yarinyar da ba ta iya kallo ba tare da ta bi waƙar ba.

Ta riga Ramlat kaiwa ƙofar kicin.

Kujerar kusa da taga babu kowa. Carbin na kan hannun kujera, wayar Umma na gefensa. Zanin da ake shimfiɗa wa Inaya in za ta yi barcin rana babu shi. Daga falon tana hango ƙofar gaba a buɗe, rana ta shigo har kan matattakala.

Ta fita ba takalmi. Ta duba dama, layin motoci ne a fake da bola a ƙofar kowane gida. Ta duba hagu, can ƙarshen layi inda ya haɗu da Bristol Road, bas na wucewa, wata na bin ta. Babu Umma da mayafinta ruwan toka. Babu kowa.

Ta dawo tana kiran Marwa. Yarinyar ta leƙo daga saman matattakala, tawul a kanta.

"Ina Kaka? Ina Inaya?"

"Sun fita."

"Suka fita ina? Yaushe?"

"Tun ina shirin shiga wanka. Ta goya Inaya." Marwa ta dubi uwarta, ta dubi Anti Ramlat da ta dafe bango. "Ta ce tunda ta ɓata miki abinci bari ta je ta sayo wani kafin ki fito, kada in gaya miki, so take ki yi murna. Na ɗauka shop ɗin kan kwana za su."

"Ina ta ce za ta?"

"Ta faɗi sunan, ban san shi ba."

"Marwa, ina?"

"Mummy... ina ne kasuwar Rimi?"